Ɗan Siyasa Tsakanin Sauya Ra'ayi da Cika Alkawari

A ranar 2 ga Fabrairun 1990, shugaba F.W. de Klerk ya tsaya gaban majalisar dokokin Afirka ta Kudu ya ba da sanarwar ɗage haramcin da aka yi wa jam'iyyar ANC, ya kuma ce za a saki Nelson Mandela, wanda ya fito daga kurkuku bayan kwana tara. Mai wannan magana ya tashi ne a cikin jam'iyyar da ta kafa mulkin wariyar launin fata a 1948, mahaifinsa ya yi minista a gwamnatinta, shi kansa kuma ya shafe shekaru yana riƙe da ma'aikatu yana kare tsarin. Shekara 21 bayan haka, shugaban Senegal Abdoulaye Wade, wanda ya taɓa faɗa da bakinsa cewa kundin tsarin mulki bai ba shi damar neman wa'adi na uku ba, ya shaida wa jama'a da harshen Wolof cewa shi ya faɗa, shi kuma ya janye. Su biyun duka sun sauya matsayi a bainar jama'a. De Klerk ya karɓi lambar yabo ta Nobel tare da Mandela a 1993, Wade kuwa ya sha kaye a hannun Macky Sall a 2012, kuma da wuya a sami mai adalci da zai ce an zalunci ɗayansu. Abin da ya raba su shi ne abin da ya kamata mu gane kafin mu amsa ko ya dace ɗan siyasa ya kasance mai yarda ya canza ra'ayinsa.

Hujjar da ta wajabta wa mai mulki iya sauya ra'ayi tana cikin yanayin aikin kansa. Duk shawarar da gwamnati za ta yanke, tana yanke ta ne da ilimin da bai cika ba, a kan al'amuran da ba sa tsayawa wuri guda. Wanda yake adawa yana magana ne bai ga takardun baitulmali ba, bai karanta rahoton jami'an tsaro ba, bai zauna da masu bin ƙasar bashi ba. Ranar da ya hau kujera ya ga waɗannan, idan har babu ko ɗaya daga cikin ra'ayoyinsa da ya motsa, to ko dai bai karanta ba ne, ko kuma ya karanta ya ƙi gaskata idonsa. Kuma kafiyar shugaba ba irin ta sauran mutane ba ce, domin wasu ne suke biyan kuɗinta. A taron Lushan na 1959, ministan tsaron Sin Peng Dehuai ya rubuta wa Mao Zedong wasiƙa yana nuna masa ɓarnar da shirinsa na gaggauta bunƙasa noma da masana'antu yake yi a karkara. Mao ya ɗauki gyaran a matsayin cin amana, ya tuɓe shi, aka ci gaba da shirin, yunwar da ta biyo baya kuma ta kashe miliyoyin mutane masu yawa. Bayan abin da ya sami Peng, babu wani jami'i da zai sake kai wa shugaba labarin da ba ya so, kuma wannan ita ce babbar illar taurin kan mai mulki: yana toshe hanyar da gaskiya za ta bi ta iso gare shi.

Misalin Thabo Mbeki, wanda ya gaji Mandela a shugabancin Afirka ta Kudu, ya fi taɓa ni, saboda mutum ne mai karatu da zurfin tunani, ba wanda za a zarga da jahilci ba. Tun daga farkon mulkinsa a 1999 ya riƙa nuna shakku a kan cewa ƙwayar HIV ce take haddasa ƙanjamau, gwamnatinsa kuma ta yi ta jan ƙafa wajen raba magungunan da suke rage kaifin cutar. Sai da kotun tsarin mulki ta tilasta mata a 2002 ta ba mata masu juna biyu maganin da yake hana jariri ɗaukar cutar daga uwa, sai a ƙarshen 2003 majalisar ministoci ta amince da shirin raba magani ga kowa. Masu bincike daga Jami'ar Harvard sun ƙiyasta daga baya cewa jinkirin ya jawo asarar rayuka fiye da 330,000. Likitocin ƙasarsa sun yi magana, na duniya sun yi, iyalan marasa lafiya sun fito kan titi, amma shugaban ya riga ya ɗaura mutuncinsa a kan matsayin da ya ɗauka, har komawa baya ta zama masa abin kunya. Duk wanda yake yabon ɗan siyasa da cewa magana ɗaya yake yi, ya kamata ya tuna cewa wannan ma magana ɗaya ce.

Malamanmu sun daɗe da sanin haka. A cikin wasiƙar da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari game da alƙalanci, ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ya sake nazari ya gane ta, domin komawa ga gaskiya ya fi zarcewa a kan ɓata. Imam Shafi'i ma an san shi da tsohon ra'ayi na zamansa a Iraƙi da sabo na zamansa a Masar, kuma ba a taɓa ɗaukar hakan a matsayin naƙasa ga iliminsa ba. Sai dai akwai bambancin da masu kafa hujja da waɗannan misalai suke yawan tsallakewa. Alƙali bai hau kujerarsa da alkawarin yanke wani hukunci na musamman ba, malami ma ba a ba shi matsayinsa a kan sharaɗin zai riƙe wata fatawa har abada ba. Ɗan siyasa kuwa ya je gaban mutane ya ce su ba shi ƙuri'a domin zai yi kaza, ba zai yi kaza ba, suka ba shi a kan haka.

A nan ne fushin masu zaɓe yake da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Talaka yana da ƙuri'a ɗaya tal a cikin shekara huɗu ko biyar, ba ya zama a majalisa, ba ya ganin abin da ake ƙullawa a bayan fage, abin da ya dogara da shi ranar zaɓe kawai shi ne maganar ɗan takara. Idan wannan magana za ta iya narkewa duk lokacin da mai ita ya ga dama, zaɓe ya tashi daga zaɓen manufa ya koma zaɓen fuska. Kafin zaɓen Birtaniya na 2010, Nick Clegg da 'yan takarar jam'iyyarsa ta Liberal Democrats sun sa hannu a takarda cewa za su ƙi amincewa da duk wani ƙarin kuɗin karatun jami'a. Ɗalibai da iyayensu suka zaɓe su. Kafin shekarar ta ƙare sun shiga gwamnatin haɗin gwiwa, Clegg ya kaɗa ƙuri'ar goyon bayan ninka kuɗin kusan sau uku. Ya nemi afuwa a 2012, amma a zaɓen 2015 kujerun jam'iyyar suka faɗo daga 57 zuwa 8. Yana iya yiwuwa Clegg ya gamsu har zuciyarsa cewa baitulmali ba zai ɗauki nauyin ba. Gamsuwarsa ba ta biya waɗanda suka ba shi ƙuri'a a kan takardar da ya sa wa hannu ba.

Abin da nake gani shi ne, muna haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Ra'ayi mallakar mai shi ne, yana da ikon ya gyara shi duk sa'ad da hujja ta bayyana masa, kuma wajibi ne ya gyara. Alkawari kuwa kaya ne, da zarar an ɗauke shi ya zama haƙƙin wanda aka yi wa, kuma canjin da ya faru a cikin kan mai alkawarin ba ya sauke masa shi. Ɗan siyasar da ya gane cewa abin da ya yi alkawari zai cutar da ƙasa bai kamata ya aiwatar da shi don gudun a ce ya yi amai ya lashe ba. Amma ba shi da ikon yafe wa kansa bashin. Dole ya koma wurin masu haƙƙin ya gaya musu abin da ya faɗa a da, da abin da ya gani wanda ya sauya shi, ya kuma ba su damar su sake shi ko su hukunta shi.

Waɗanda tarihi ya fi girmama sauyinsu haka suka yi. Charles de Gaulle ya dawo mulkin Faransa a 1958 da goyon bayan sojoji da Turawan da suka zauna a Aljeriya, waɗanda suka ɗauka shi ne zai riƙe musu ƙasar. Da ya tabbatar cewa yaƙin ba zai ƙare da nasara ba, sai ya juya ga ba Aljeriya 'yanci, amma ya kai maganar gaban Faransawa a ƙuri'ar raba gardama a Janairun 1961, ya sake kai musu yarjejeniyar Evian ta kawo ƙarshen yaƙin a Afrilun 1962, suka amince da gagarumin rinjaye. Waɗanda suka ji ya yaudare su sun buɗe wa motarsa wuta a watan Agusta na wannan shekarar, ya tsira da ƙyar. De Klerk ma, da ya ga masu tsattsauran ra'ayi suna cewa ba a zaɓe shi don ya miƙa mulki ba, ya kira ƙuri'ar raba gardama ta fararen fata a Maris ɗin 1992, ya ce zai sauka idan ya faɗi, kusan kashi 69 cikin 100 suka ce ya ci gaba da tattaunawa.

Robert Peel na Ingila bai kira irin wannan ƙuri'a ba, amma ya biya ta wata hanya. An zaɓi jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau a 1841 da fahimtar cewa za ta kare dokokin da suke ɗora haraji a kan hatsin da ake shigowa da shi, dokokin da suke amfanar manyan masu gonaki, su ne kuma ƙashin bayan jam'iyyar. Sannu a hankali hujjojin masu neman a buɗe ciniki suka rinjaye shi, sai kuma annobar da ta lalata dankalin Ireland a 1845 ta kawo yunwar da ta sa jinkiri ya zama laifi. A 1846 ya soke dokokin da taimakon ƙuri'un 'yan adawa, alhali kusan kashi biyu cikin uku na 'yan jam'iyyarsa sun ƙi. Cikin 'yan kwanaki ya rasa kujerar firaminista, jam'iyyar ta dare gida biyu, ba ta sake samun cikakken rinjaye ba sai 1874. 'Yan jam'iyyarsa da suka kira shi maci amana suna da hujja, domin da sunansu ya hau. Abin da ba za su iya cewa ba shi ne ya yi don kansa, tunda ya san abin da zai rasa kafin ya yi.

Wannan ne ma'aunin da ya fi sauƙin amfani ga mai kallo daga nesa, wanda ba ya ganin zuciyar kowa: a duba wa sauyin ya amfana, wa kuma ya ɗauki asararsa. Idan sabon ra'ayin mutum kullum yana faɗawa daidai inda amfaninsa yake, akwai dalilin zargi. Babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar batun tazarce. Mamadou Tandja na Nijar ya sha faɗin cewa zai sauka idan wa'adinsa na biyu ya cika a ƙarshen 2009, sannan ya ce jama'a ne suka roƙe shi ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Alassane Ouattara na Cote d'Ivoire ya ba da sanarwa a Maris ɗin 2020 cewa ba zai sake tsayawa ba, da ɗan takarar da ya tsayar, Amadou Gon Coulibaly, ya rasu a watan Yuli, sai ya dawo ya tsaya. Kowannensu ya kawo dalili, kuma kowane dalili ya ƙare ne da mai shi a kan kujera. Lamarin Tandja ya ƙara koya mana wani abu, domin shi ma ya kira ƙuri'ar raba gardama a watan Agustan 2009, amma bayan ya rushe majalisar dokoki, ya kuma rushe kotun tsarin mulkin da ta ce ƙuri'ar ta saɓa doka. Komawa ga jama'a yana da daraja ne idan jama'a suna da ikon cewa a'a, kuma hukumomin da za su tabbatar da a'ar tasu suna nan daram. Sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010.

Sauya sheƙa daga jam'iyya zuwa jam'iyya ma da wannan ma'auni ake gane shi. Mutum yana iya barin jam'iyya don ta bar aƙidar da ya shiga dominta, wannan ba abin zargi ba ne. Abin lura shi ne inda ayarin yake nufa, domin a mafi yawan lokuta daga jam'iyyar da ta faɗi ake gudu zuwa wadda ta ci. Indiya ta gaji da faɗuwar gwamnatocin jihohi saboda wannan ɗabi'a har ta gyara kundin tsarin mulkinta a 1985 ta ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa. Kundin Najeriya na 1999 ma yana da irin wannan tanadi a sashe na 68, sai dai ya bar ƙofa ga wanda jam'iyyarsa ta rabu, ƙofar da ta zama hanyar wucewar kowa. A Birtaniya babu dokar da ta tilasta haka, amma a 2014 Douglas Carswell ya bar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya koma jam'iyyar UKIP, ya ajiye kujerarsa da kansa, ya sake tsayawa a mazaɓarsa ta Clacton, aka sake zaɓensa. Ko mutum bai yarda da ra'ayinsa ba, ya san cewa ya mayar wa masu kujerar abinsu kafin ya sake roƙa.

Akwai wani nau'in da ya fi wuyar hukuntawa, wato janyewa saboda matsin lamba. A Yunin 2024 William Ruto na Kenya ya janye dokar ƙarin haraji bayan matasa sun cika tituna sun kutsa majalisa. Wasu suna kiran irin wannan rauni, ni kuwa ina ganin shugaban da jama'arsa suka ƙi wani abu da babbar murya, ya saurare su, ya yi abin da dimokuraɗiyya take nema. Laifinsa yana cikin lokacin, domin ƙorafin da ya ji bayan an zubar da jini shi ne dai ƙorafin da aka yi ta kai masa makonni kafin nan. Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, wadda ta yi alfahari a 1980 cewa ita ba mai juyawa ba ce, ta kafe a kan harajin kai ɗaya ga mai kuɗi da talaka har tarzoma ta ɓarke a Landan a 1990, 'yan jam'iyyarta suka sauke ta a wannan shekarar, magajinta John Major ya soke harajin. Angela Merkel kuwa ta tsawaita rayuwar tashoshin nukiliyar Jamus a 2010, ta juya gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan a Maris ɗin 2011, ana saura makonni biyu a yi zaɓen jihar Baden-Württemberg. Ta ce hatsarin ya sauya yadda take auna haɗarin, masu sukarta suka ce zaɓen ne ya sauya shi, kuma har yau Jamusawa ba su gama wannan gardama ba. Saurin juyi irin wannan yana barin tambayar da mai juyin ya kamata ya amsa dalla-dalla: wane sabon abu ne ya sani yau wanda bai sani ba jiya?

Mu masu zaɓe da 'yan jarida muna da namu kason. Mun saba mu tono tsohon faifan bidiyo mu jera shi da sabo, mu ce ga mai baki biyu, mu tsaya a nan kamar an gama shari'a. Idan kowane sauyi hukuncinsa ɗaya, na gaskiya da na son kai, to ɗan siyasa zai koyi darasin da bai kamata ya koya ba. Zai ci gaba da sauyawa, tunda mulki ba ya yiwuwa sai da haka, amma zai riƙa yi a ɓoye, ya musanta cewa ya taɓa faɗin maganar farko, ko ya ce an yi masa mummunar fahimta. Wannan musun ya fi sauyin kansa ɓarna, domin yana raina hankalin mutanen da suka ji shi da kunnuwansu, yana kuma hana ƙasa koyon komai daga kuskuren da aka yi. Faifan farko ya kamata ya zama mafarin tambaya, a ce masa ga abin da ka faɗa, me ya faru tsakanin wancan lokaci da yanzu, yaushe ka gane, me ya sa ba ka gaya mana ba sai da muka tono.

Da yawa daga cikin waɗannan rigingimu kuma tun daga ranar yin alkawarin suke farawa. A babban taron jam'iyyarsa na 1988, George H.W. Bush ya ce wa Amurkawa su karanta leɓɓansa, ba za a ƙara sabon haraji ba. Magana ce mai daɗin ji a dandalin yaƙin neman zaɓe, amma ya rantse ne a kan abin da ba shi kaɗai yake riƙe da shi ba, tunda majalisun dokoki duka biyu suna hannun 'yan Democrat, giɓin kasafin kuɗi kuma yana ƙara faɗi. A 1990 ya amince da yarjejeniyar kasafi da ta haɗa da ƙarin haraji da rage kashe kuɗi, masana tattalin arziki da dama kuma suna ganin ta taimaka wajen rage giɓin a shekarun da suka biyo baya. Maimakon ya tsaya ya kare shawarar da dalilanta, da zaɓe ya ƙarato a 1992 sai ya ce kuskure ya yi, ya rasa waɗanda suka ji ya karya alkawari, bai kuma riƙe waɗanda suka ga ya yi daidai ba, Bill Clinton ya kayar da shi. Sai a 2014 gidauniyar ɗakin karatu na John F. Kennedy ta ba shi lambar yabon jarumtar siyasa saboda wannan yarjejeniya. Da ya ce tun farko zai yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana ƙarin haraji, ya kuma faɗi yanayin da zai iya tilasta masa, da tafin da ya samu a zauren taron ya ragu, amma da ya bar wa kansa hanyar yin abin da ƙasarsa take buƙata a 1990 ba tare da ya ci amanar kowa ba.